Javel ba ya son ruwan zafi

A gidaje da yawa na Yamai, an daɗe ana ɗauka cewa zuba javel (sinadarin wanki mai faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta) a ruwan zafi yana ƙara masa ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta. Akasin haka ne, domin zafi yana lalata sinadarin kulorin da ke cikinsa, wani kuma ya bi tururi ya shiga hanci da idanu. Ruwan sanyi ya fi dacewa. Ko kwalbar da aka bari a rana cikin zafin Afrilu, lokacin da awo ke wuce digiri 40, ƙarfinta raguwa yake yi. Mafi haɗari shi ne gauraya javel da binegar ko maganin wanke masai, saboda iskar da ke tashi tana iya shaƙe mutum a ban ɗaki marar taga.