Yawan shan mai da ciwon inji a manyan motocin kaya a Sudan

Yawan shan mai shi ne halin da mota ke ƙona man dizal fiye da abin da ta saba ƙonawa a kan hanya ɗaya da nauyin kaya iri ɗaya. Makanikai suna ɗaukarsa alamar wani ciwo da ke ɓoye a inji, ko a taya da birki, ko a hannun direba. Al'amarin ya shafi Hausawan Sudan ƙwarai, domin da yawa daga mazauna Mai Wurno, Gadarif, Kasala da Damazin suna cin abinci ta hanyar noman dawa da riɗi da jigilarsu zuwa kasuwa.

Tarihi

Rudolf Diesel, injiniya ɗan ƙasar Jamus, ya kammala injinsa na farko mai aiki a 1897. Wannan inji ba ya amfani da fulogi, iska ce ake matsewa a cikin silinda har ta yi zafin da zai kunna man da nozul ya fesa. Saboda haka lafiyarsa ta rataya a kan isasshiyar iska, da ƙarfin matsi, da fitowar mai daidai gwargwado a daidai lokaci.

A Sudan, motar da ta fi horar da makanikai ita ce Bedford TJ ta Ingila, wadda aka fara ƙerawa a 1958, kuma ake kiranta Sifinja. Masu gareji sun riƙa ƙarfafa shasinta da ƙara mata sifirin domin ta ɗauki kayan da suka zarce abin da kamfani ya tsara mata, ta kuma ratsa yashi da laka. Daga baya, motocin Japan irin su Hino da Nissan suka yawaita, musamman bayan an shimfiɗa kwalta daga Bur Sudan zuwa Khartoum ta Kasala, Gadarif da Wad Madani. A waɗannan tsofaffin injuna usta, wato babban makanike, da kunne da ido da hanci yake gano ciwo, kuma wannan ilimi ne da bai kamata a bari ya ɓace ba.

Awo kafin kwance inji

Ana cika tanki, a rubuta kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa, sannan a lissafa litar da aka sha a kowace kilomita 100. Dole a kwatanta hanya da irinta, domin hawan duwatsun da ke kusa da Sinkat da cikakken lodi ba ɗaya yake da gudu a shimfiɗaɗɗen filin Jazira ba. Bayan haka ake duba yoyo a tanki da tiyo, da iskar taya, da birkin da ke riƙewa, da kulocin da ke zamewa. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa.

Launin hayaƙi

Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya fi iska yawa. A ƙasar da guguwar habub ke turnuƙe gari da ƙura, abin zargi na farko shi ne filtar iska da ta toshe, kuma ita ce mafi arha a gyara. Idan tana da tsabta, sai a koma ga nozul mai ɗiga maimakon fesawa, ko famfon injekta da aka buɗe fiye da ƙima domin neman ƙarfi, ko tabo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, da tiyonsa ya tsage. Shuɗin hayaƙi alama ce ta ƙonewar baƙin mai, galibi saboda ringin fistan ya ci, kuma awon matsin silinda ne ke tabbatar da shi. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi yana nufin dizal bai ƙone ba saboda lokacin fesawa ya goce, ko kuwa gaskit ya ƙone ruwan lagireto yana shiga silinda, abin da ake ganewa idan ruwan yana raguwa ba tare da yoyo a waje ba.

Ingancin mai

Tun da aka janye tallafin mai a 2021, sannan yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, direbobi da dama suka koma sayen dizal a jarka da ganga. Irin wannan mai yakan zo da ruwa da datti, yana toshe filta yana cinye nozul. Sababbin injuna masu fesa mai da matsi mai tsanani sun fi tsofaffi saurin lalacewa da shi.

Cire tamostat

Ana saɓani a kan cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji ta hanyar buɗe ko rufe hanyar ruwan lagireto, saboda zafin ƙasar. Wasu makanikai suna yi, kamfanonin ƙera motoci kuwa suna hanawa, domin injin da bai kai zafin aikinsa ba yana ƙara shan mai.

Awon kwamfuta

Motocin zamani suna ajiye lambobin ciwo da ake karantawa da na'ura, amma lambar tana nuna sashen da za a bincika ne kawai, sai an gwada waya da sansa, wato na'urar da ke auna yanayin inji ta aika wa kwamfuta, kafin a sayi sabon kaya.