Makero ne, kyasbi ne ko ƙazuwa? Abin da likita ke nufi da sunan da ya rubuta a kati

Duk wanda ya taɓa bin layin ganin likita a Gombe ya san yadda hirar ke farawa. A tambayi mutum me ke damunsa, ya ce ƙuraje. Na kan yaro ƙuraje ne, na tsakanin yatsu ƙuraje ne, na fuskar budurwa ma haka. Kalma ɗaya muke ɗora wa cututtuka barkatai, alhali kowace da abin da ke kawo ta, kuma maganin da zai kashe wata shi zai iya ciyar da wata gaba. Sunan da likita ke rubutawa yakan nuna sanadin ne. Ga tambayoyin da na fi ji a bakin mutane.

Malam, an rubuta "tiniya" a katin ɗana, ni kuwa makero na sani. Abu ɗaya ne?

Abu ɗaya ne, Hajiya. Tiniya suna ne na cutar da fangas ke kawowa, wato dangin funfunar nan da ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu, sai dai wannan fata da gashi da farce yake ci. Kalmar da ke biye da ita wurin take nunawa: tiniya kafitis na kai, wanda wasu ke ce wa kora, tiniya koforis na jiki, tiniya fedis na tsakanin yatsun ƙafa.

Na jiki man shafawa irin su kulotirimazol yana kashe shi cikin mako biyu zuwa huɗu. Na kai kuwa a nan iyaye ke asarar kuɗi. Fangas ɗin yana shigewa cikin silin gashi ne, inda mai ba ya kaiwa, don haka sai an sha ƙwaya, galibi girisiyofulbin, na mako shida zuwa takwas ba fashi. Idan kan ya kumbura yana fitar da ruwa kamar maruru, kada a bari wanzami ya tsaga shi. Makeron ne ya yi tsanani, kuma idan aka yi jinkiri gashin wurin na iya ƙin sake fitowa. A raba wa yaron matajinsa da hularsa, a kuma lura da injin askin da ake bi kan yara goma da shi ba a goge ba.

Shi kyasbi fa, ɗauka ake yi?

Ba kasafai ba. Ƙwayar da ke kawo shi, malasiziya, tana zaune a fatar kowane baligi. Zafi da gumi ne ke sa ta yi yawa, shi ya sa daga watan Maris zuwa damina za ka ga ya bazu a ƙirji da bayan samari. Sabulun ruwa mai ketokonazol ko seleniyam ake shafawa a bari ya ɗan jima kafin a wanke. Tabon yakan yi watanni launinsa bai dawo ba ko da ƙwayar ta mutu, kada a ɗauka maganin ne bai ci ba. Wannan ƙwayar dai tana da hannu a amosanin kai, kuma sabulun ɗaya ne.

Gidanmu kowa na susa, musamman da dare. Mun sha maganin ƙaiƙayi har mun gaji.

Wannan ya yi kama da ƙazuwa, wadda asibiti ke kira sikebis. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ido ba ya gani sosai, macen take haƙa rami a fata ta zuba ƙwai. A duba tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya da gaban maza. Jarirai kan yi ta har a tafin hannu da na ƙafa. Tana son inda ake kwana a cunkushe, makarantun kwana da tsangayu da gidan yari, kuma ba ta tambayar ko mutum yana wanka. Wannan ya kamata a faɗa da ƙarfi, domin gorin ƙazanta da ake yi wa almajirai a kanta shi ke sa masu gida su ɓoye tasu. A 2017 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Maganin ƙaiƙayi ba ya kashe ƙwaron. Ana shafa famatirin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 daga wuya har tafin ƙafa, a kwana da shi awa takwas zuwa goma sha huɗu, a wanke, a sake bayan kwana bakwai. Akwai kuma benzil benzowet, farin ruwan nan mai zafi, da ƙwayar aibamektin da likita kan bayar. Sharaɗin da ake yawan karyawa shi ne a yi wa duk mutanen gida rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba, domin mutum kan yi mako huɗu zuwa shida da ƙwaron kafin ya ji komai. Tufafi da zannuwan gado a wanke da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda na kwana uku zuwa mako guda. Susar takan ci gaba har mako huɗu bayan ƙwaron ya mutu.

A kemis an ba ni mai mai haɗi uku, kuma ya yi aiki nan take. Mene ne laifinsa?

Wannan tambayar ta fi kowace damuna. Irin wannan man ya ƙunshi maganin fangas, da na bakteriya, da kuma sitiroyid, wanda za ka ga an rubuta bitametazon ko kulobetasol. Sitiroyid ɗin ne ke kwantar da ƙaiƙayi da ja cikin kwana biyu, ta hanyar danne garkuwar fatar. Sai makero ya samu fili, ya ɓoye zobensa, ya faɗaɗa, har likita ya kasa gane shi da ido. Ana daina shafawa ya dawo ya fi da.

Sitiroyid magani ne na gaske a hannun wanda ya san adadi da lokaci. Amma uwa ta riƙa cuɗa shi da man kaɗanya tana shafe jariri kullum don ya yi haske, wannan ganganci ne. Fatar jariri sirirya ce, maganin yana shiga jini. A manya ma yana sa fata ta yi laushi kamar leda, jijiyoyi su fito, ga nanƙarwa mai faɗi da ba ta gogewa. Yawancin mayukan bilicin da shi ake haɗa su, ko da haidirokwinon, wanda idan an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar magani, ko da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wanda hukumar NAFDAC ta haramta a kayan shafa.

Me ake nufi da damatitis da ekzima?

Duk sunan cutar da ya ƙare da "itis" kumburi yake nufi, "dama" kuma fata ce a Girkanci. Ekzima nau'i ne nasa: fata ta bushe, ta yi ƙaiƙayi a lanƙwasar gwiwa da gwiwar hannu, sau da yawa a gidan da ake da asma. Ba a ɗaukarta. Hunturu ne babban abokin gabarta, don haka a rage sabulu mai ƙarfi, a shafa basilin ko man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa daga wanka ba. Wani damatitis ɗin taɓa abu ne ke jawo shi. Amaren da hannunsu ya tashi bayan ƙunshi, yawanci dayis ɗin da ake zubawa a baƙin lalle ne, ba jan lallen gargajiya ba.

Gashin gaban goshina yana ta komawa baya, sanƙo ne?

Likita zai rubuta alofeshiya, wato zubewar gashi kowace iri. A mata, 'yar'uwa, wanda ya fi yawa a goshi na jan kitso ne. Idan kitso ya hana ki barci ko ya fito da ƙananan ƙuraje a gefe, ya yi tsauri, a tsefe. Da wuri gashin yana dawowa, idan aka shekara ana ja saiwar mutuwa take yi. Zubewar da mai jego ke gani wata uku bayan haihuwa kuwa da kanta take tsayawa.

Farcena ya yi kauri ya canja launi.

Yana iya zama fangas, amma a kankare a kai ɗakin gwaji kafin a fara ƙwaya, saboda maganin na da tsawo: tabinafin mako shida ga hannu, goma sha biyu ga ƙafa. Farcen hannu kimanin milimita 3 yake tsiro a wata, na babban yatsan ƙafa sai ya shekara ko fiye kafin sabo ya maye gurbinsa. Farcen da ya lotsa kamar cokali kuma ƙarancin jini yake yawan nunawa.

Baba yana da farin tabo a baya da ba ya ƙaiƙayi. Muna tsoron kuturta ce.

A gwada shi da auduga. Ya rufe ido, a taɓa fata mai lafiya, sannan a taɓa tsakiyar tabon. Kyasbi yana jin taɓi, haka ma bitiligo, wadda fata ke yin fari fat saboda ƙwayoyin launi sun mutu kuma ba a ɗaukarta. Tabon da ya dusashe kuma ba ya jin taɓi shi ne abin kaiwa asibiti a makon nan.

Bakteriya ce ke kawo kuturta, wani likitan ƙasar Nowe mai suna Hansen ya gano ta a 1873. Ba gado ba ce, kuma tana warkewa. Ana haɗa magunguna uku, rifamfisin da dafson da kulofazimin, a sha wata shida ko goma sha biyu gwargwadon yawan tabo, kuma kyauta ake bayarwa. Da an fara sha mutum yake daina yaɗa ta. Dungulmin da muke gani jijiyoyi ne da suka mutu saboda an zo a makare, magani ba ya dawo da su. Ku kai Baba sashen tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukumarku, ko asibitin Zambuk da ke jihar Gombe, ku kuma ce a duba waɗanda suke kwana gida ɗaya da shi.