Ma'anar cafe ƙwallo a wasan besbol: yaushe alƙali ke yarda an cafe?

Wanda duk yake kallon gajerun bidiyon wasanni a waya ya taɓa cin karo da su: ɗan wasa sanye da hula da babbar safar fata a hannu ɗaya yana sheƙa gudu, ya yi tsalle ya dafe katanga, ya miƙa hannu can bayanta ya dawo da ƙwallo, jama'a su ɓarke da ihu. Wasan besbol ke nan, wanda ya fi ƙarfi a Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Kuba da Jamhuriyar Dominika da Benezuwela. Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa da zarar ƙwallo ta shiga safa magana ta ƙare. A wurin alƙalin wasa kuwa a nan ne ma ake fara duba ta.

Ƙungiya biyu ke karawa, kowacce da mutum tara. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya maka mata sanda ya ruga ya zaga zango uku ya dawo gida, wannan shi ne maki ɗaya. Masu tsaro suna neman fitar da mutum uku domin a yi canji su ma su karɓi sanda, kuma ana yin haka har zagaye tara. Hanya mafi sauri ta fitar da mai bugu ita ce a cafe ƙwallon da ya buga tun tana sama, kafin ta taɓa ƙasa. Ba kullum haka dokar take ba. A farkon wasan, ko ƙwallo ta yi tsalle ɗaya a ƙasa aka kama ta, mai bugu ya fita. A 1864 aka soke wannan ga ƙwallon da ta sauka a cikin layi, wato tsakanin layuka biyun da suka shata filin bugu, kuma daga lokacin ne tsaron fili ya zama aikin masu zafin nama.

Littafin dokokin babbar gasar Amurka, wato MLB, ya fayyace abin a doka ta 5.09. Cafewa ita ce mai tsaro ya mallaki ƙwallon da ke sama a hannunsa ko a safarsa, ya riƙe ta gam. Sai dokar ta ƙara sharaɗin da shi ne ƙashin bayan komai: dole ya riƙe ta har ya nuna cewa tana ƙarƙashin ikonsa, kuma idan ta bar hannunsa ya zama shi ya sake ta da gangan. Idan ya kama ƙwallo, nan take ya yi karo da katanga ko da abokin wasansa, ko ya faɗi, ƙwallon ta suɓuce saboda wannan karon ko faɗuwar, to bai cafe ba. Ko ya yi gudun mita talatin, ko ya tashi sama kamar zai taɓa gajimare, alƙali zai buɗe hannuwansa biyu ya nuna mai bugu yana nan daram. Dokar ba ta ƙayyade daƙiƙa nawa za a riƙe ba, ba ta kuma ce taku nawa za a yi ba. Abin da alƙali ke nema shi ne ya ga ɗan wasan ya tsaya da ƙafarsa, ko ya miƙe daga faɗuwar, ko ya sa ɗaya hannun ya zaro ƙwallon da kansa. Ina ganin wannan sharaɗi ya yi daidai, domin ya ɗora nauyin a kan ƙarshen aikin, inda jiki ya riga ya sha wuya kuma hankali ya fi saurin gushewa.

Ranar 23 ga Yulin 2009 aka ga wannan sharaɗi a fili ƙarara. Mark Buehrle na ƙungiyar Chicago White Sox ya jefa zagaye takwas ba tare da ko mutum ɗaya na Tampa Bay Rays ya kai zangon farko ba. Saura mutum uku ya kammala abin da ake kira cikakken wasa, wato a fitar da masu bugu 27 a jere, abin da sau 24 kacal aka taɓa yi a tarihin gasar. A zagaye na tara koci ya shigo da DeWayne Wise tsakiyar fili don ƙarfafa tsaro. Mutum na farko da ya zo, Gabe Kapler, ya ɗaga ƙwallo ta nufi bayan katanga. Wise ya bi ta, ya yi tsalle, ta shiga safarsa, ya bugi katangar. Yana saukowa ƙwallon ta fito daga safar. Da ta taɓa ƙasa da duk wahalar ta tashi a banza, kuma da cikakken wasan Buehrle ya rushe. Wise yana cikin faɗuwa ya sa hannunsa marar safa ya damƙe ta, ya mirgina, ya tashi ya ɗaga ta sama. Doka ta yarda da wannan, domin ta ce ko ƙwallo ta yi ta rawa a hannu, ko ta tashi daga hannun wani mai tsaro ta faɗa hannun wani, muddin ba ta taɓa ƙasa ko katanga ko alƙali ko ɗan ƙungiyar masu bugu ba, an cafe. Tsallen ne ake yawan nunawa a bidiyo, amma damƙar ta biyu ce ta fitar da Kapler.

Akwai sassauci guda. Idan mai tsaro ya riga ya cafe, yana ƙoƙarin zaro ƙwallon domin ya jefa sai ta faɗi, ana lissafa ya cafe. A farkon kakar 2014, lokacin da aka faɗaɗa amfani da bidiyo wajen sake duba hukunci, an tsananta fassarar wannan wuri har alƙalai suka riƙa soke cafewar da kowa ya gani da idonsa. Ƙorafi ya yi yawa, kafin watan Afrilu ya ƙare aka koma kan fahimtar da aka saba da ita.

Hannu da safa kaɗai doka ta sani. Ba a cafewa da hula, ko aljihu, ko riga. Wanda ya cire hularsa ko ya jefa safarsa ta taɓa ƙwallon da aka buga cikin layi, an ba mai bugu da masu gudu, wato abokan wasansa da suka riga suka kai zango, zango uku kyauta. Idan kuma ƙwallo ta taɓa ciyawa ta shige safa a lokaci guda, wanda ke faruwa sosai idan ɗan wasa ya yi sufa da ciki, wannan danne ƙwallo ne, mai bugu bai fita ba. Haka idan ta bugi katanga ta dawo aka kama. Sauran jiki kuwa ba ya kashe ƙwallo: a 1993 wata ƙwallo ta sauka a kan Jose Canseco na Texas Rangers, ta yi tsalle daga kansa ta haye katanga, aka ba mai bugun makinsa cikakke.

Batun katanga ne ya fi rikita sabon mai kallo, musamman wanda ya taso da ƙwallon ƙafa. A can, idan ƙwallo ta haye layin raga, ko da mai tsaron gida ya rungume ta, an ci. A besbol hayewar ƙwallo sama da katanga ba ta gama komai ba sai ta sauka. Mai tsaro yana da damar miƙa hannu bayan katanga, ko ya taka ta ya hau, ya dawo da ƙwallon da ta riga ta fita. Abin da ake dubawa ƙafafunsa ne: a lokacin da ya cafe, ƙafa ɗaya aƙalla tana kan filin wasa ko tana sama da shi, kuma babu ƙafar da ta taka ƙasa a wajen fili. Ba zai tsallaka cikin 'yan kallo ya tsaya ya jira ƙwallo ba. Idan kuma ya cafe daidai, sannan gudun da ya kwaso ya jefa shi waje, mai bugu ya fita, sai dai a tsayar da wasa a ƙara wa kowane mai gudu zango ɗaya. A watan Agustan 2017 a filin Fenway Park na Boston, Austin Jackson na Cleveland ya bi ƙwallon Hanley Ramirez na Boston Red Sox, ya cafe ta a sama, ya kifa ta kan gajeriyar katanga ya faɗa shingen da masu jifan Red Sox ke motsa jiki. Ya taso da ƙwallon a safarsa, aka fitar da Ramirez, har magoya bayan Boston suka tafa masa.

Wannan dama tana da farashi. Doka ta ce wanda ya miƙa hannu cikin wurin 'yan kallo ya yi ne a kan kasadar kansa. Idan wani ɗan kallo ya riga shi kama ƙwallon a can, ba shi da ƙara. Amma idan ɗan kallo ne ya zuro hannu cikin fili ya hana cafewa, alƙali zai fitar da mai bugu. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ba ta wuce tafin hannu ba, shi ya sa rigima ba ta ƙarewa a kanta. A 1996 a filin Yankees na New York, wani yaro ɗan shekara 12 ya zuro safarsa ya janye ƙwallon Derek Jeter daga saman Tony Tarasco na Baltimore Orioles. Alƙali ya ce ƙwallo ta fita, ya ba Yankees maki, kuma a lokacin babu duba bidiyo. Mutanen Baltimore ba su manta ba har yau, kuma suna da gaskiya. A wasa na huɗu na World Series na 2024, wato jerin wasannin ƙarshe na ɗaukar kofin MLB, abin ya wuce zura hannu: Mookie Betts na Los Angeles Dodgers ya cafe ƙwallon Gleyber Torres a bakin katanga, wasu 'yan kallo biyu suka riƙe hannunsa suka ɓanɓare safar suka fizge ƙwallon. Nan take alƙali ya fitar da Torres, aka kori mutanen daga filin, daga baya aka haramta musu shiga filayen gasar.

Cafewa ba ta tsayar da wasa, kuma wannan ne ya sa ta fi ƙarfin a kira ta kwalliya. Idan an cafe ƙwallo a sama, duk mai gudun da ya bar zangonsa dole ya koma ya taɓa shi kafin ya ci gaba. Idan ƙwallo ta riga shi isa can, shi ma ya fita. Yana da damar tashi daga lokacin da mai tsaro na farko ya taɓa ƙwallon, ba sai ta zauna a hannu ba, domin kada wani ya riƙa wasa da ita da gangan yana matsowa kusa. Saboda haka mai tsaron kirki tun yana gudu yake lissafin inda zai jefa.

Babu misalin da ya kai na Willie Mays. Ranar 29 ga Satumban 1954, wasan farko na World Series, New York Giants da Cleveland Indians a filin Polo Grounds. Cleveland ta ci wasa 111 a wannan kakar, kowa ita yake ba nasara. Zagaye na takwas, maki 2 da 2, Larry Doby yana zango na biyu, Al Rosen yana na farko, ba a fitar da kowa ba. Vic Wertz ya maka wa ƙwallo sanda ta tafi fiye da mita 125. A yawancin filaye da ta fita waje, amma tsakiyar Polo Grounds tana da zurfin da ya kai kusan mita 147. Mays ya juya wa gida baya ya ruga, ƙwallon ta zo ta saman kafaɗarsa ya tare ta yana fuskantar katanga. Bai tsaya jin daɗi ba. Ya taka birki, ya juya, ya wurga ƙwallon cikin fili da ƙarfin da ya sa hularsa ta tashi shi kuma ya zube ƙasa. Doby, wanda ya riga ya yi nisa, sai da ya koma ya taɓa zangonsa, iyakar inda ya kai shi ne zango na uku. Cleveland ba ta ci maki a zagayen ba. Giants suka ci 5 da 2 a zagaye na goma da bugun Dusty Rhodes, suka kuma lashe wasa huɗu a jere suka ɗauki kofi. Har yau idan Ba'amurke ya ce The Catch bai ƙara komai ba, wannan yake nufi. A ganina jifan ya fi cafewar wuya, domin a fili mai zurfi irin wannan mai gudu daga zango na biyu zai iya kaiwa gida idan aka yi jinkirin daƙiƙa ɗaya. Mays ya ci kyautar Gold Glove ta gwanin tsaro sau 12, ya rasu a watan Yunin 2024 yana da shekara 93, kuma tun 2017 kyautar gwarzon World Series sunansa take ɗauke da shi.

Endy Chavez na New York Mets ya yi irin wannan haɗin a 2006, a wasa na bakwai na neman zuwa World Series da St. Louis Cardinals: ya dawo da ƙwallon Scott Rolen daga bayan katanga, aka mayar da ita zangon farko kafin Jim Edmonds ya koma, mutum biyu suka fita a bugu ɗaya. Mets ta sha kashi 3 da 1 a daren duk da haka.

Tun 2015 akwai na'urorin Statcast a dukkan filayen MLB, suna auna gudun ƙwallo da na ɗan wasa. Daga 2017 aka fara fitar da lissafin yiwuwar cafewa, wanda ke duba nisan da mai tsaro zai ci, da lokacin da ƙwallo ta yi a sama, da inda ya fuskanta. Cafewar da yiwuwarta ba ta wuce kashi 25 cikin 100 ba ita ake ba tauraro biyar. Lissafin ya tabbatar da abin da tsofaffin kociyoyi suka daɗe suna faɗa: sau da yawa wanda ya yi sufa da ciki ya makara ne wajen tashi, ko ya bi karkatacciyar hanya, shi kuma wanda ya karanci ƙwallon tun daga ƙarar sanda yakan isa wurin a tsaye ya cafe ba tare da ya ɓata rigarsa ba. Na biyun ba ya samun shiga bidiyon da ake yaɗawa, amma idan ƙungiyoyi za su sayi mai tsaron tsakiya a yau, waɗannan alƙaluman suna cikin abin da suke fara buɗewa.