Ɗalibin Likitanci a Asibitin Tsibiri: Tambayoyi da Amsoshi

Da an ce ɗalibin likitanci zai tafi koyon aiki a wani tsibiri na yankin zafi, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne farin yashi, itatuwan kwakwa da shuɗin ruwa. Duk akwai su kam. Sai dai shi ɗalibin a ɗakin marasa lafiya yake wuni, teku kuwa yawanci ta taga yake hango shi. Ga wasu tambayoyin da aka fi yi a kan wannan rayuwa.

Wai mene ne zagayen koyon aiki, kuma me ke kai ɗalibi tsibiri?

Karatun likitanci hawa biyu ne. Shekarun farko na aji ne da ɗakin gwaje-gwaje, inda ake haddace tsarin jiki, aikin gaɓoɓi, cututtuka da magunguna. Daga nan sai a shiga asibiti, a riƙa juya ɗalibi daga sashe zuwa sashe: cututtukan manya, tiyata, yara, mata da haihuwa, lafiyar ƙwaƙwalwa, lafiyar al'umma. Kowane sashe da makonninsa, kuma akwai littafin da malami ke sa wa hannu ya shaida cewa ɗalibi ya ga kaza, ya yi kaza a gabansa.

Waɗanda ake samu a asibitocin tsibirai iri uku ne. Akwai 'yan ƙasa da ke karatu a gida, kamar a Fiji, inda aka fara horar da ma'aikatan lafiya a birnin Suva tun 1885. Akwai baƙin da suka zo cikakken karatu, kamar waɗanda ke makarantar likitanci ta ƙasa da ƙasa da Kyuba ta buɗe a 1999. Sai kuma masu zuwa na ɗan lokaci, makonni huɗu zuwa takwas, a zangon da makarantarsu ke ba su zaɓin inda za su je. Abin lura shi ne, ba duk wanda ya yi karatu a tsibiri ba ne ke koyon aikin asibiti a can. Jami'ar St. George's ta tsibirin Giranada, wadda aka kafa a 1976, da yawa daga ɗalibanta a asibitocin Amurka da Birtaniya suke yin shekarun asibitinsu.

Yaya wunin ɗalibi yake kasancewa?

Da sassafe yake shiga, kafin manya su iso, ya duba marasa lafiyar da aka ba shi: ya karanta abin da nas ɗin dare ta rubuta, ya auna zafin jiki da bugun jini, ya tambayi yadda aka kwana. Idan babban likita ya zo zagaye, ɗalibi ne zai tsaya a bakin gado ya gabatar da mara lafiya, a yi masa tambayoyi a gaban kowa. Bayan zagaye sai ɗibar jini, sa allurar ƙarin ruwa, bin sakamakon gwaji, zama a ɗakin ganin masu zuwa su koma, ko riƙe kayan aiki a ɗakin tiyata. Wasu ranaku kwana ake yi. Wannan duk ɗaya ne da ko'ina a duniya, illa gumi ya fi yawa kuma farar riga ba ta daɗewa a jiki.

To wane irin ciwo yake gani da ba ya gani a wani wuri?

Nan ne daɗin tafiyar yake, nan ne kuma wahalarta. Abu na farko zazzaɓi. Mutum uku za su shigo da zafin jiki, ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, kamanninsu ɗaya, amma cutarsu daban-daban, kuma maganin wannan na iya cutar da wancan.

A ce na farkon zazzaɓin dengi ne. Sauron da ke yaɗa shi da rana yake cizo, kuma a ruwa mai tsabta da ya kwanta a tankuna, tsofaffin tayoyi da ɓawon kwakwa yake ƙyanƙyasa. Ƙwayar cutar iri huɗu ce, wanda kuma ya taɓa kamuwa da iri ɗaya, idan wani irin ya kama shi ya fi shiga haɗari. Darasin da ke girgiza sabon ɗalibi shi ne, lokacin da zazzaɓin ya sauka, tsakanin kwana na uku zuwa na bakwai, a lokacin ne mugun matakin kan fara. Dangi suna murna an samu sauƙi, ruwan jini kuwa yana tsiyayewa daga jijiyoyi. Tsawon sa'o'i 24 zuwa 48 ake sa ido: ciwon ciki, aman da ba ya tsayawa, jini a dasashi, kasala. Ba a ba da asfirin ko ibufurofen domin suna ƙara haɗarin zubar jini, farasitamol kawai. Aikin duk na ƙididdigar ruwa ne, kada a ba da kaɗan, kada a cika har ya taru a huhu.

Na biyun wataƙila leftosfirosis ce, cutar da ake ɗauka daga ruwa ko laka da fitsarin ɓera, alade, kare ko shanu ya gurɓata. Bayan ambaliya take tashi. Manomi ne zai zo da ciwon sha-raɓa da jajayen idanu, idan aka yi sake sai shawara ta fito, ƙoda ta tsaya. Ita tana jin maganin ƙwayoyin cuta irin su fenisilin da dokzisaikilin, shi ya sa tambaya ɗaya tak, "Ka shiga ruwan ambaliya kwanan nan?", kan zama ita ce ta ceci rai. Na ukun kuma cikungunya, wadda sunanta daga harshen Makonde yake, yana nuni ga yadda ciwon gaɓoɓi ke tanƙwara mutum. A 2005 zuwa 2006 ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin Reyuniyon.

Sannan akwai abin da teku kansa ke kawowa. Gubar sigwatera tana taruwa a jikin manyan kifayen da ke kiwo a duwatsun murjani, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wanda ya ci sai amai da gudawa, leɓe ya yi ta ƙaiƙayi, bugun zuciya ya ragu, ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar wuta. Masu nutso kuma, masunta ko 'yan yawon buɗe ido, idan suka taso da sauri daga zurfi, iskar naitirojin kan yi kumfa a jininsu, har ta kai ga shanyewar ƙafafu. Ana ɗora su a kan oksijin zalla, a nemi akwatin matsin iska na musamman, wanda ba kowane tsibiri ke da shi ba.

Ke nan cututtukan sauro da na teku ne suka cika gadaje?

A'a, kuma wannan kan ba baƙon ɗalibi mamaki. A yawancin tsibiran Fasifik da Karibiyan, ciwon suga da hawan jini ne suka fi cin gadaje. Ɗalibin da ya zo yana ɗokin ganin baƙuwar cuta sai ya tsinci kansa kullum yana wanke gyambon ƙafar mai suga, ko yana tsaye a tiyata ana yanke ta. Akwai kuma ciwon zuciyar da ke samo asali daga ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata da ba a yi magani ba a yarinta, wanda ya yi yawa a Fiji, Samowa da Tonga. Yaron da ya kamu allurar fenisilin ake yi masa duk bayan mako uku ko huɗu, shekara da shekaru. Kunnen ɗalibi a kan ƙirjin irin waɗannan yara yake gogewa.

Zazzaɓin cizon sauro, wato maleriya, kuwa ya danganta da tsibirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Siri Lanka ta rabu da shi a 2016, Kef Bade a 2024, amma a Tsibiran Solomon har yau ana fama.

Me ya bambanta asibitin tsibiri da kowane ƙaramin asibiti mai ƙarancin kayan aiki?

Teku. A kan tudu, idan abu ya fi ƙarfin asibiti, a sa mara lafiya a mota, komai munin hanya za a kai. A tsibiri sai an tambayi ko jirgin ruwa zai tashi, ko igiyar ruwa ta lafa, ko filin jirgin sama na karɓar sauka da dare. Fiji tana da tsibirai sama da 330, kusan 110 ne ke da mutane. Mace mai naƙudar da ta gardama a ɗaya daga cikin na nesa, sa'o'i ne a kwalekwale tsakaninta da ɗakin tiyata. Shi ya sa a wurare da dama akan kawo mai ciki kusa da babban asibiti tun kafin watanta ya tsaya. A Zanzibar, abin da ya gagari asibitin Mnazi Mmoja sai an ƙetara da shi Darussalam.

Wannan yana sauya yadda likita ke tunani. Bayan ya gano cutar, sai ya ƙara wani lissafi: mutumin nan zai kai gobe a nan, ko a tura shi yanzu tun ana iya tafiya? Idan aka tura wanda bai buƙata, an kashe kuɗi mai yawa kuma an raba shi da danginsa. Idan aka riƙe wanda ya kamata a tura, an san sauran. Ko jirgin sama ba kullum ne mafita ba, domin mai ciwon nutso tashi sama ƙara masa ciwo yake yi, sai dai jirgin ya yi ƙasa-ƙasa.

Haka kayan aiki. Magani ya ƙare, sai a jira jirgin kaya. Na'urar hoto ta lalace, mai gyara yana wata ƙasa. Jini ma ba ya ajiyuwa har abada: jajayen ƙwayoyi makonni biyar zuwa shida, ƙwayoyin daskarar da jini kwanaki kaɗan. Don haka ƙananan asibitoci kan ajiye jerin sunayen masu bayarwa, a kira su idan buƙata ta taso. Ɗalibin da ya saba rubuta gwaji goma kafin ya taɓa mara lafiya, a nan dole ya koma ga ido, kunne da hannu.

Gaskiya ne ana barin ɗalibi ya yi aikin cikakken likita?

Yakan faru, kuma a ganina nan ne babban tarkon tafiyar. Ma'aikata sun yi ƙaranci, layi ya yi tsawo, ga baƙo da farar riga kowa na ce masa dokta. Wata rana za a miƙa masa allura a ce ya ɗebi ruwan ƙashin baya, ko ya ɗinke wata tsaga, likitan kuma ya wuce wani ɗakin. Zuciya za ta raya masa cewa dama ce, a makarantarsa ba zai samu ba sai bayan shekaru. Ƙa'idar da makarantu ke gindayawa a fili take: abin da ba a yarda ɗalibi ya yi shi kaɗai a asibitin makarantarsa ba, ba zai yi shi kaɗai a ko'ina ba. Talaucin mara lafiya ko nisan tsibirinsa ba ya mayar da shi abin gwajin hannu. "Ban taɓa yi ba, a tsaya a kaina in koya" magana ce mai nauyi a baki, musamman ga matashi mai son a yaba masa, amma babu babban likitan kirki da zai raina shi a kanta.

Malamansa na haƙiƙa kuwa sau da yawa nas-nas ne da ungozomomi. Wadda ta shekara ashirin a ɗakin yara tana gane yaron da dengi zai kayar tun kafin sakamakon jini ya fito. Wanda ya shigo da girman kai, ba za a yi masa faɗa ba, za a dai bar shi da littafinsa.

Yaya ake yi da harshe da sirrin mara lafiya?

Takarda da harshen makaranta ake rubuta ta, ciwo kuwa da harshen uwa ake faɗinsa. A Zanzibar Suwahili ne, a Haiti Kiriyol, a Solomon Turancin Buroka da ake kira Pijin. Ɗalibi ya haddace kalmomin "ina ke ciwo", "tun yaushe", "ja numfashi", sauran ya nemi tafinta. Matsalar ita ce tafinta kan zama ɗan'uwa, akwai kuma abin da mace ba za ta faɗa a gaban ɗanta ba.

Sirri ya fi wuyar riƙewa a wurin da kowa ya san kowa. Wanda ka duba da safe shi ne direban da zai ɗauke ka da yamma, matar gidan da ka sauka kuma ƙanwar wadda ke gado na huɗu ce. Ko ba ka ambaci suna ba, "wani mai nutso ɗan shekara arba'in" ya isa a gane shi. Ɗora hoton marasa lafiya a intanet kuwa, ko yara ne suna murmushi, bai halatta ba.

Shi kansa ɗalibin fa, me zai kiyaye?

Rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ya taɓa allurar kowa, da na ƙyanda. Kada a raina ƙyanda: a 2019 ta kashe mutum 83 a Samowa, ƙasar da ke da mutane kusan 200,000, galibinsu ƙananan yara. Ya san tun ranar farko inda ake ajiye maganin kariya daga ƙanjamau idan allura ta soke shi, domin cikin sa'o'i 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Sai man korar sauro har da rana, takalmi rufaffe lokacin ruwa, da inshorar da ta haɗa da ɗauke shi ta jirgi idan ta ɓaci.

Akwai kuma lokacin mahaukaciyar guguwa, wanda a Karibiyan daga Yuni zuwa Nuwamba ne, a kudancin Fasifik daga Nuwamba zuwa Afrilu. Guguwar Winston ta kashe mutum 44 a Fiji a Fabrairun 2016. A Satumban 2017 guguwar Mariya ta ragargaza tsibirin Dominika, har makarantar likitanci ta Ross ta koyar da ɗalibanta a cikin jirgin ruwa na ɗan lokaci, kafin ta koma Barbados a 2019.

To, ana dai samun zuwa bakin teku ko?

Ana samu, yawanci ƙarshen mako, idan ba ranar kwana ba ce kuma babu jarrabawar ƙarshen sashe a gaba. Sai dai bayan makonni biyu a asibiti kallon ruwan ya sauya. Idan aka kawo gasasshen kifi, ɗalibi zai tambayi wane iri ne kuma a ina aka kama shi. Idan iska ta taso da yamma, abokan tafiyarsa suna ɗaukar hoton igiyar ruwa, shi kuwa yana lissafin ko kwalekwalen da aka ce zai kawo mai naƙuda ya riga ya baro can.