Shatar mota ta wuni ɗaya zuwa tsaunukan Bali: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya fara binciken yawon buɗe ido a Bali, tsibirin nan na ƙasar Indunusiya, zai yi ta cin karo da talla iri ɗaya, wai mota da direba naka kai kaɗai na wuni guda, a kai ka wurin bauta na kan tudu, a kai ka magangarar ruwa, a ƙarasa da gonakin shinkafa masu hawa-hawa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Wai meye bambancinsa da shiga bas ɗin 'yan yawon buɗe ido?

Shata ce kawai. Ka ɗauki mota, yawanci Toyota Avanza ko Innova, direban ya zo ƙofar otal ɗinka da safe ya ɗauke ka ya dawo da kai da yamma, awa 8 zuwa 10 ake lissafawa. Kuɗin na mota ne ba na kowane kai ba, shi ya sa in kun kai ku huɗu ko biyar sai abun ya zo da sauƙi sosai. A 'yan shekarun nan ana samu tsakanin rupiya 600,000 zuwa 900,000, kar sifilin ya tsorata ka, haka kuɗinsu yake, takardar 100,000 ita ce mafi girma kuma ba wani abun kirki take saya ba. Man fetur da kuɗin fakin galibi suna ciki, amma tikitin shiga wurare da abinci sau da yawa naka ne, to ka tambaya tun kafin ranar, a rubuce a WhatsApp, don can kusan komai ta nan ake ƙullawa.

Amma gaskiya ba motar kake biya ba, ikon lokacinka kake biya. A bas in an ce minti 40 to minti 40 ne ko da yanzu hazo ya fara yayewa daga kan tafki. A shata kai ke cewa mu tsaya, mu wuce, mu nemi masallaci.

Me zai hana in yi hayar mota ko babur in tuƙa da kaina?

Ta hannun hagu suke tuƙi, hanyoyin tudu ƙanana ne masu lanƙwasa kamar me, babura ta ko'ina, ga manyan motocin kaya da ke hawa a hankali zuwa Singaraja, garin da ke arewacin tsibirin, babu wurin wuce su. In ba ka saba ba ka bar wa ɗan gari.

Wurare nawa za a iya gani a wuni ɗaya?

A nan mutane ke cutar kansu. In ka kalli taswira Bali ƙarama ce, daga gabas zuwa yamma wajen kilomita 150, sai mutum ya lissafo wurare takwas ya tura wa direba, shi kuma direban ba zai ce a'a ba, ba ɗabi'arsu ba ce su musa wa baƙo, zai ce to, sai ka wuni a kujerar baya kana kallon bayan wata mota. Daga Kuta ko Seminyak da ke bakin teku a kudu zuwa Bedugul da ke kan tudu kaɗai awa 2 ne in hanya ta yi kyau, daga garin Ubud wajen awa ɗaya da rabi, kuma ita hanya ba ta cika yin kyau ba, ga gosulo ga jerin gwanon masu zuwa bikin ibada da ke tare titi ba wanda ya isa ya matsa masu hon.

A ganina uku sun isa, huɗu in an matsa. Kuma su zama a layi ɗaya. Layin tsakiya zuwa arewa shi ne gonakin shinkafar Jatiluwih, sai wurin bautar Ulun Danu Beratan a Bedugul, sai magangarar ruwa ɗaya a wajen Munduk ko Wanagiri. Layin Ubud daban ne, gonakin Tegallalang da wurin bautar Tirta Empul da Kintamani inda ake hango dutsen Batur. Gabas kuma wuraren bautar Besakih da Lempuyang, wannan wuninsa daban ne gaba ɗaya. Wanda ya haɗa Lempuyang da Jatiluwih a rana ɗaya wallahi titi kawai ya je gani.

Me ya haɗa wurin bauta da ruwa da gonar shinkafa, ko dai kawai haɗa-haɗar masu talla ce?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don yawancin masu zuwa suna ɗaukar hoto a wurare uku su koma ba su san abu ɗaya suka gani ba. Ruwa ne ya haɗa su. Yana taruwa a tafkunan kan tudu da dazukan da ke kewaye, ya ɓullo ta idanun ruwa, ya gangaro ta kwazazzabai, manoma su tare shi da 'yan madatsai su bi da shi ta magudanai, wani wurin har rami suke haƙawa ta cikin dutse, ya shiga gonar sama ya zubo ta ƙasa ya zubo ta ƙasanta har gindin tudu.

Tsarin rabon ruwan sunansa subak, ya fi shekara dubu, ana danganta farkonsa da ƙarni na 9. Manoman da ke shan ruwa daga madatsa ɗaya su ne subak ɗaya, suna da shugaba da suke kira pekaseh, suna zama su yanke yaushe za a yi shuka yaushe za a bar gona ta huta, kuma a wuraren bautar ruwa ake tsaida wannan kalandar. Ulun Danu Beratan, wanda aka gina a 1633 a bakin tafkin Beratan, na Dewi Danu ne, wadda mabiya Hindu na Bali suka yi imani ita ce mai tafki. UNESCO ta sa tsarin subak cikin wuraren tarihi na duniya a 2012, Jatiluwih na ciki.

Duk wanda ya taɓa noman rani a Kura ko Kadawa ya san rigimar na sama da na ƙasa, wanda ke kusa da bakin ruwa ya sha ya ƙoshi na ƙarshen layi ya yi ta jira. To me zai sa na sama a Bali ya yarda ya saki ruwa? Ƙwari. In kowa ya yi shuka lokacin da ya ga dama, kullum akwai gona mai ɗanyen kara a kusa, ƙwari da ɓeraye su tashi daga wannan su faɗa waccan. In kuwa yanki guda ya girbe tare ya huta tare, yunwa ce ke kashe su. Kenan na ƙasa na buƙatar ruwan na sama, na sama na buƙatar na ƙasa ya bi kalanda. An ga amfanin abun a shekarun 1970 lokacin da gwamnati ta kawo sabon iri da taki da feshi aka ce kowa ya yi ta shuka ba hutawa a manta da kalandar gargajiya, sai ga annobar ƙwari da ƙarancin ruwa. Wani masani Ba'amurke, Stephen Lansing, ya yi shekaru yana nazarin wannan, aikinsa na cikin abun da ya sa aka dawo ana ganin darajar tsarin.

Jatiluwih ko Tegallalang?

Jatiluwih, in dai gona ka je gani. Ta fi hekta 600, tana gindin dutsen Batukaru a yankin Tabanan, akwai hanyoyin ƙafa da aka yi wa alama, gajere da dogo, kana tafiya kana jin ƙarar ruwa a 'yar magudana gefen ƙafarka, ga bukkokin shanu a tsakiyar gonaki, ga ɗan ƙaramin wurin ajiye hadaya a kusurwar kusan kowace gona. Jar shinkafa suke nomawa wadda aka san su da ita. Obama ma ya leƙa wurin da iyalinsa a 2017.

Tegallalang ta fi kusa da Ubud, kwari ne ɗaya mai tsayi, kyakkyawa ce ba ƙarya amma ta cika da lilo da gidajen shan kofi da masu jiran layin hoto. In lokacinka kaɗan ne ba laifi.

Abu ɗaya, kafin ka tafi ka tambayi direba a wane mataki gonar take. Koren nan na cikin hotuna ba kullum ba ne, in ka faɗo bayan girbi kututture da taɓo za ka tarar.

Musulmi fa, salla da abinci ya za a yi?

Indunusiya na cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi amma Bali ita ce ta fita daban, kusan kashi 87 cikin ɗari Hindu ne, kuma gasasshen alade da suke kira babi guling na cikin abincin da suke ji da shi, to kar ka shiga ko'ina ka ce a zubo. Ka nemi inda aka rubuta warung muslim, wato gidan abincin Musulmi, ko tambarin halal, ko gidajen abincin Padang, girkin Musulmin tsibirin Sumatra. A nan layin Bedugul ya fi sauƙi, ƙauyen Candikuning da ke bakin tafkin akwai Musulmi da yawa, akwai babban masallacin Al-Hidayah a kan tudu yana kallon tafkin, ka yi Azahar ka sauko ka ci abinci hankali kwance, ka leƙa kasuwa ka sayi sitiroberi. Ka faɗa wa direba tun da safe, sun saba da baƙi daga tsibirin Jawa da Malesiya, ba sabon abu ba ne a wurinsu.

Maganar shiga wurin bautar kuma, hukuncinta ka tambayi malaminka. Abun da zan iya faɗa shi ne a manyan wuraren ɗan yawon buɗe ido harabar waje da lambu yake zagawa, can ciki na masu ibada ne. A Tirta Empul akwai wankan tsarki da suke kira melukat wanda baƙi ke shiga layi suna yi, wannan ibadarsu ce ba wasan ruwa ba, ba dole sai ka yi ba, kana iya kallo daga gefe.

Akwai dokar sutura?

Akwai. Namiji da mace ana ɗaura zani da ɗamara a ƙugu a yawancin wuraren bauta, ana bayarwa ko a yi haya a ƙofa, kafaɗa a rufe. Mai hijabi da doguwar riga ba ta da matsala sai dai a ce ta ƙara ɗamarar. Suna roƙon mace mai al'ada kar ta shiga, a rubuce yake a allo. Sannan ka dinga kallon ƙasa, za ka ga 'yan faifai da aka saƙa da ganyen kwakwa, bai fi tafin hannu ba, da furanni kala-kala da turaren tsinke yana hayaƙi wani lokaci har da biskit ko alawa a kai, canang sari sunansu, a bakin ƙofa da gefen titi har kan gaban motar direbanka, kar ka taka da gangan.

Ka riƙe rigar sanyi. Bedugul ta kai mita 1,200 a sama, ka baro zafin bakin teku ka zo ka tarar da hazo da iska.

Magangarar ruwa wacce za a zaɓa, kuma tsoho zai iya?

A nan hoto ke ɓoye gaskiya, ba a nuna maka matakala. Kusan dukansu a cikin kwari suke, saukar daɗi hawan kuma sai wanda ya gani. Nungnung matakalarta wajen 500 ce, Sekumpul ta fi su ban sha'awa amma tafiya ce sosai har da tsallake rafi, ita kaɗai tana iya cin rabin wuni. Banyumala tagwaye ce, da tafki mai sanyi a ƙasa da ake iyo, saukarta da santsi. Gitgit ta fi sauƙi. In kana tare da Hajiya mai ciwon gwiwa ko ƙananan yara ka zaɓi mai sauƙin, ko ma a tsaya a saman Wanagiri a kalli tafkunan Buyan da Tamblingan. Akwai birai a hanyar, ka riƙe wayarka da gilashinka da kyau. Takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba.

In an yi ruwan sama mai ƙarfi a tudu kar ka shiga ruwa, yana iya ƙaruwa farat ɗaya.

Wane wayo ake yi wa baƙi?

Ba sata ba ce, kamasho ne. Direba zai ce bari mu ɗan biya gonar kofi ɗanɗano kyauta ne, ko shagon azurfa, ko wurin sassaƙa, yana da la'adarsa a kan abun da ka saya, kai kuma awa guda ta tafi. In ba ka so ka faɗa da murmushi tun a farko shike nan. Kofin luwak ɗin nan mai tsada, wanda ake tsinto 'ya'yansa daga kashin wata dabba dangin jibda, Majalisar Malaman Indunusiya ta ba da fatawa a 2010 cewa ya halatta in an wanke, amma ni abun da ya hana ni sonsa dabbobin ne da ake kullewa a keji don baƙi.

Sai hoton Lempuyang, ƙofar nan da dutsen Agung a bayanta da ruwa lumshe a gabanta. Babu ruwan. Wani ne ke zaune a ƙasa ya karɓi wayarka ya kara ɗan madubi a ƙasan kyamara, kai kuma ka yi awa biyu ko uku da lamba a hannu kana jiran a kira ka. Ita kuma ƙofar Handara da ke kusa da Bedugul ba ma wurin bauta ba ce, ƙofar filin wasan golf ce.

Yaushe ya fi dacewa, kuma me zan shirya tun daga gida?

Rani a can daga Afrilu zuwa Oktoba ne, damina Nuwamba zuwa Maris, a damina ruwa ya fi ƙarfi a magangara amma da rana hazo da ruwan sama na rufe tudu. Ko wane wata ne ku fita ƙarfe 6 ko 7 na safe, kafin azahar gajimare ya fara taruwa a kan tafki. Mai fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida kuma tana ɗaukar lokaci. Akwai harajin baƙi na rupiya 150,000 da Bali ta fara karɓa a Fabrairun 2024. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana saboda tikiti da banɗaki, a ƙauyukan tudu ba ko'ina kati ke aiki ba. Sannan ka duba ranar Nyepi, sabuwar shekararsu ce, yawanci a watan Maris take faɗowa, ranar ba mota ba fita ba kunna wuta a waje na awa 24, har filin jirgin Ngurah Rai rufewa yake, ba direban da zai zo ɗaukarka ko nawa ka biya.