Goge Hoto Ba Ya Nufin Ya Ɓace

Matasa da yawa sun ɗauka cewa da zarar sun goge abin da suka wallafa, shi ke nan magana ta ƙare. Ba haka abin yake ba. Gogewa daga shafinka kawai take cire shi, ba ta isa wayar wanda ya riga ya sauke shi.

Status na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma wanda ya adana shi yana nan da abinsa. Hatta hoton da ake buɗewa sau ɗaya, wata waya daban ta isa a ɗauke shi da ita. Facebook ma yakan kai kwana 90 kafin ya gama share bayanan asusun da aka goge.

Haɗarin ya fi yawa a abin da ba a lura da shi: tambarin makaranta a jikin riga, lambar mota, lambar gida. Hoton da aka tura a matsayin fayil kuwa yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauke shi. A kashe wa kyamara izinin sanin wuri, a kuma duba abin da ya fito a bayanka kafin a tura.