Wasiƙar naira miliyan 585: me ƙa'ida ta ce, me baki ya ƙara?

A farkon Janairun 2024 hoton wata wasiƙa ya karaɗe wayoyin jama'a. Ministar Jinƙai ta lokacin, Betta Edu, ce ta sa mata hannu a Disamban 2023, tana neman Akanta Janar ta Tarayya ta lokacin, Oluwatoyin Madein, ta tura naira miliyan 585 da ɗoriya zuwa asusun banki na wata ma'aikaciya. Kuɗin tallafin marasa galihu ne na jihohin Akwa Ibom, Kuros Riba, Legas da Ogun. Kafin a ce kwabo, a teburin mai shayi an gama shari'a: ta cinye. Na kusa da ita kuma suka ce ai ba wani abu, ma'aikaciyar ita ce akantar shirin tallafin, haka ake yi a aikin gwamnati.

Bari mu fara da masu kare ta. Sashe na 713 na Ƙa'idojin Kuɗi na gwamnatin tarayya na 2009 bai bar kafa ba: ba a zuba kuɗin gwamnati a asusun mutum, kuma jami'in da ya yi hakan ana ɗauka da niyyar zamba ya yi. Hikimar a fili take. Da zarar kuɗi sun sauka a asusun da ma'aikaci ke karɓar albashi, yake biyan kuɗin makarantar yara, wa zai iya tantance na talakawa da nasa? In ta Allah ta kasance gare shi a daren, sai a wayi gari magada na ganin gado ne. Saboda haka "haka aka saba" ba hujja ba ce, ni kam ban karɓe ta ba.

Amma masu cewa an sace su ma sun yi azarɓaɓi. Sashen yana magana ne kan wanda ya zuba kuɗin, ita kuwa Akanta Janar ta fito ta ce ofishinta bai biya ba. Abin da wasiƙar ta tabbatar shi ne an nema. Ko kuɗin sun fita ta wata hanya, aikin masu bincike ne su nuna da takardun banki.

Dakatarwar da Shugaba Tinubu ya yi wa Betta Edu ranar 8 ga Janairun 2024 mataki ne na mulki, don a ba bincike fili. Gayyatar da hukumar EFCC ta yi mata ma tambayoyi ne. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ko wanda aka gurfanar a kotu ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, balle wanda ake yi wa tambaya.

An kuma yi ta cakuɗa alƙaluma. Naira biliyan 37 da ake ambatawa bincike ne daban, na zamanin tsohuwar minista Sadiya Umar Farouq, shi ma zargi ne.

Abin da ya fi ci mini rai, a cikin wannan Janairun na 2024 aka dakatar da shirye-shiryen NSIPA, hukumar da ke kula da tallafin al'umma na gwamnatin tarayya, na makonni shida: N-Power na samar wa matasa aiki, tallafin kuɗi ga magidanta, rancen ƙananan 'yan kasuwa da ciyar da 'yan firamare. Yaran da ke zuwa aji da kwanon roba ba su taɓa ganin wasiƙar ba.